Bargo da tawul masu ratsin gargajiya: ki ɗauki kwarashi ko ki kai wa masaƙi?

Duk mai riƙe da kwarashi a Garwa ko Marwa da ke leƙa Facebook da YouTube ta ci karo da su: barguna da tawul na auduga, fari sol ko ruwan madara, da ratsin shuɗi siriri da mai faɗi, ga geza tana reto a baki biyu. Yawancin masu koyar da su a intanet tawul ɗin gidan wanka na Tunisiya da Turkiyya suke kwaikwayo, wanda ake yi a masaƙa, shafal, babu gashin nan na tawul ɗin kanti. Mu kuwa wannan ado ba baƙonmu ba ne. Luru da gwado da saƙi duk a jeren zare mai rini da marar rini adonsu yake, haka nan leppin da Fulani ke saƙawa a wannan yanki. Sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Adamawa a 1851, da 'yar siririyar ƙwaryar saƙar auduga ya tarar ana saye da sayarwa, ita ce kuɗin.

To, wadda ke son irin wannan kaya, ko don ɗakinta, ko don kayan ɗakin 'yarta, ko don sana'a, hanya biyu ce a gabanta. Ko ta sayi zare ta zauna da kwarashinta, ko ta nemi masaƙi ta ba shi aiki. Ni mai kwarashi ce, amma ba zan yi wa sana'ata kara ba. Kwarashi yana kwaikwayon ratsin masaƙa har ido ya yarda, jikin saƙar ne ba ya iya kwaikwaya. Shi ya sa girman abin da kike so, da yawan haɗuwarsa da ruwa, su ne za su raba miki gardama.

Ki tsaya kusa da masaƙi ki duba. Zaren wadari a miƙe yake can gaba, an ɗaure shi a kunkuru yana janye shi. Ya taka da ƙafa, zaren ya rabu biyu, ya wurga ƙoshiya ta ratsa tsakani, ya buga, ya sake takawa. Kowane zare a kwance yake, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, babu ƙulli babu lanƙwasa. Saƙar kwarashi kuwa zare ɗaya ne tak, ana zura shi cikin kansa madauki bayan madauki, har a kowane ɗauri sai kin iske zaren ya hau kan kansa sau da yawa. Daga nan duk wani bambanci ya samo asali. Na masaƙa siriri ne, marar nauyi, ba ya miƙewa. Na kwarashi mai kauri ne, mai cin zare, mai ƙofofi, kuma yana saki idan ya sha nauyi.

Kada ki ɗauki maganata a kan cin zaren nan, ki gwada da hannunki kafin ki kashe ko dala. Ki sayi curi ɗaya, ki saƙa ɗan murabba'i santimita 20 tsawo 20 faɗi da ɗaurin da kike niyyar yi, ki duba agogo, ki kai shi wurin mai ƙaramin sikeli a auna miki. Bargon gadon mutum biyu, santimita 150 da 200, ya ninka wannan ɗan gwaji sau 75. Idan gwajin ya yi giram 30, bargon zai ci giram 2,250, wato curi 45 na giram hamsin-hamsin. Idan ya ci miki minti 40, bargon awa 50 ke nan, ban da haɗa launi da ɓoye bakin zare da kwance abin da ya karkace. Matar da ke da girki da yara da shara, wadda awa ɗaya take samu bayan sallar isha'i, ta san wata nawa ke nan. Da wannan lissafin dai, bargon jariri mai santimita 80 da 100 ninki 20 ne kacal, giram 600, curi 12. Tawul ɗin goge hannu mai 40 da 60 ninki 6 ne, curi 4 sun ishe ki har da saura.

Nauyin nan ba a kan gado yake ba da wahala ba. A daren hunturu, cikin Disamba da Janairu, bargo mai nauyi daɗi gare shi, wasu ma ba sa samun barci sai sun ji an danne su. Ranar wanki ce matsalar. Auduga mashayiyar ruwa ce, bargon kilo biyu da ɗoriya idan ya jiƙe sharkaf mutum ɗaya ba ya iya matse shi, sai kin kira wata ta kama miki gefe kuna murɗawa. In kika rataye shi a igiya da ruwansa, nauyin ya ja ɗaurin ƙasa, ya bushe ya yi tsawo ya tsuke a faɗi, ratsin da kika sha wahalar daidaitawa ya zama kamar hanyar maciji. Dole a shimfiɗe za ki shanya shi, a kan tabarma ko ledar tsakar gida, kina juyawa. A Marwa da Kusiri da Njamena, inda iskar rani ke busar da komai kafin azahar, wannan da sauƙi. A Ngaundere kuwa, da ke kan tudu sama da mita 1,000, inda sanyin ya fi buƙatar bargo amma damina ke daɗewa tun daga Afirilu har Oktoba, bargon kwarashi na auduga yana iya kwana biyu da danshi a cikinsa, ya ɗauki warin fumfuna, farin ya yi ɗigo-ɗigon baƙi da ba ya fita. Luru ko gwado mai wannan girman mace ɗaya za ta wanke shi ta matse ta rataye, ya bushe a wuni guda.

Sai batun ɗumi. Mutane suna ganin kauri sai su ɗauka ɗumi ne. Sanyin hunturu iska ce, ita kuwa ƙofa take nema, kuma dogon ɗauri na kwarashi duk ƙofofi ne, ɗan yatsa ma yana shiga. Saƙar masaƙa da aka buga da kyau tana tare iska duk da rashin kaurinta, in sanyin ya tsananta a ninka ta biyu. Kuma ki tuna mu nan Garwa wata nawa ne ma muke lulluɓa? Da Maris ya kama, zafi ya haura digiri 40, bargo sai akwati. Gwado shi ko a lokacin yana da amfani, a shimfiɗa shi a kan katifa ya sha gumi, ko a yafa da asuba idan an kwana a tsakar gida. A babban bargo dai masaƙi ya yi gaba, ban ga abin musu ba. Abin da kwarashi zai yi wa babban gado shi ne ɗan mayafin ado da ake giciyawa a wajen ƙafa, faɗin santimita 50 ko 60, wanda ba kullum ake wanke shi ba.

A bargon jariri labarin ya juya. Saƙar masaƙa sabuwa tana da ƙarfi, wani lokaci har da sitaci ko kunun da aka shafa wa zaren wadari don kada ya tsinke, ga gaɓar ɗinki inda aka haɗa ƙwarya da ƙwarya tana iya gurzar fatar jinjiri. Sai ta sha wanki da yawa take laushi. Kwarashi da zaren auduga mai taushi tun ranar farko lallausa ne, babu ɗinki ko ɗaya, girmansa bai kai ya wahalar da mai jego wajen wanki ba, kuma kina iya gama shi tsakanin watan bakwai da ranar suna ba tare da kin hana idonki barci ba. Sharaɗi biyu ne. Ɗaurin ya zama matsattse yadda yatsun yaro ba za su maƙale ba, kuma kada ki sa masa doguwar geza, don komai bakinsu suke kaiwa. A nan kuma nake roƙon mata su rabu da ulun roba. Na san ya fi araha, ya fi sauƙin samu, launinsa ya fi ɗaukar ido, ba shi da nauyi. Amma ɗakin mai jego da hunturu ba ya rabuwa da kaskon garwashi da turaren wuta. Auduga ma tana cin wuta, kada a ce na ce ba ta ci, sai dai ba ta narkewa. Ulun roba narkewa yake ya manne a fata.

Tawul shi ne inda aka fi ruɗar mutane da hoto. Tawul ɗin kanti yana shan ruwa ne saboda dubban 'yan madaukan da ke tsaye a jikinsa. Na masaƙa ba shi da su, amma yana kwanciya a fata gaba ɗaya ya tsotse ruwan, ya kuma bushe da wuri, kamar dai yadda tsohon zane ke yi wa wadda ta fito wanka. Na kwarashi ya faɗa tsakani, bai samu na wannan ba bai samu na wancan ba. Tudun ɗaurin ne kawai ke taɓa fata, ƙofofin suna barin ruwa a jiki, shi kuma zaren ya sha ya riƙe a cikinsa. Tawul ɗin wanka mai santimita 70 da 140 da wancan lissafin namu zai kusa giram 750 a bushe. Ki yi wanka da safe ki rataye shi a bayan ƙofa, da magariba ki dawo ki same shi da sanyi-sanyin danshi. Ba na ba kowa shawarar saƙa tawul ɗin wanka da kwarashi, sai in na ado ne da za a jera a kan gadon amarya a ɗauki hoto.

Ƙananan kuwa wani abu ne daban. Na goge hannu bayan cin abinci, na goge fuska bayan alwala, na sauke tukunya, na cuɗa jiki, na goge kwanuka, duk waɗannan kwarashi yana yin su da kyau, kaurin da ya zama aibi a babba a nan ya zama amfani. Masaƙi ma ba zai yi miki wadari don ɗan ƙyalle ɗaya ba. Wahalar aikinsa a shirin farko take, jan zare da jera launi da zura shi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka sai aikin ya kai tsawon da zai biya wannan wahala yake karɓa. Idan sana'a kike nufi, nan kasuwarki take: jerin uku ko shida masu ratsi iri ɗaya, a naɗe a ɗaure da zare, a kai gidan biki. Kuɗin zarenki yana dawowa cikin mako. Babban bargo kuwa, in kika lissafa zare da awa 50, farashin da zai fito babu mai biyansa alhali ga bargon kanti na China a rataye a kasuwa.

Yanzu zaren kansa. Abin mamaki ne a ce muna zaune a tsakiyar ƙasar auduga, hedkwatar kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, tana nan Garwa tun kafa shi a 1974, man Diamaor da muke suya da shi daga ƙwayar audugar nan ake tatsarsa, masana'antar CICAM ma ta kaɗi da saƙa an kafa ta a garin, a Cadi ga Cotontchad tun 1971, amma curin zaren auduga na kwarashi ya fi ulun roba wuyar samu a kanti. Dalili shi ne mafi yawan audugar da ake gurzawa waje ake fitar da ita, kuma zaren da ake kaɗawa a masana'anta na yadi ne, ba na saƙar hannu ba. Saboda haka mai kwarashi zaɓi uku gare ta, kowanne da halinsa.

Akwai curin da ake shigo da shi, mai takarda a jiki. Ki karanta, ki ga an rubuta auduga ɗari bisa ɗari. In babu takarda, ko ba ki yarda da ita ba, ki roƙi mai kanti ɗan guntu ki kyasta masa ashana. Auduga tana ci da harshen wuta rawaya, warinta na takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa ta bi iska. Na roba yana nannaɗewa yana gudun wutar, ya yi baƙin hayaƙi da warin leda, ya bar ɗan dunƙulen baƙi mai tauri. A cikin na audugar ma akwai mai sheƙi, wanda aka wanke da sinadarin soda a masana'anta ya yi santsi ya murɗe tam. Yana da kyau a rini, ba ya saurin koɗewa, ya dace da mayafin ado, amma a tawul zamewa yake a fata. Marar sheƙin nan mai kama da abin da bai waye ba, shi ne na goge jiki. Kuma ki sayi duk abin da kike buƙata a rana ɗaya, mai lambar rini iri ɗaya. Shuɗin da za ki koma nema bayan wata biyu ba lallai ya zo daidai da na farko ba, a ratsi kuwa bambancin ba ya ɓuya.

Akwai kuma zaren masaƙa na masana'anta, wanda ake sayarwa a naɗe a kwarkwaro ko a sarƙe. Siriri ne ƙwarai, sai kin haɗa uku ko huɗu ko fiye kin riƙe su tare. Bakin kwarashi yana yawan tsaga tsakaninsu ya bar ɗaya a baya, saboda haka hannu ba ya gudu. Amma a nauyi yakan fi curi sauƙin kuɗi, kuma yana ba da abin da curi ba ya bayarwa: ki haɗa shuɗi mai duhu biyu da fari ɗaya, sai saƙar ta fito da ɗigo-ɗigon zabuwa irin na saƙi. Ni wannan na fi so a duk cikinsu.

Na uku shi ne kaɗin hannu, abawar da tsofaffi ke yi da mazari. Babu zaren da ya kai ta laushi da shan ruwa bayan wanki biyu ko uku, amma don ƙoshiya aka yi ta. Igiya ɗaya ce, wani wuri kauri wani wuri siriri, tana tsinkewa idan kwarashi ya ja ta, kuma murɗinta na gefe ɗaya yana sa saƙar ta karkace. Sai an tufka biyu tare take zama. In kin samu mai kaɗin da za ta yi miki, ki kai wa masaƙi ya zuba ta a gicciye, can ne take nuna kanta.

Wajen ratsin, ki lura da abin da na da suka yi kafin ki ɗebo launi bakwai. Fari ko ruwan auduga shi ne fili, shuɗin baba mai duhu da mai haske su ne ado, ja ɗan kaɗan. Ratsi mai faɗi ɗaya, 'yan sirara biyu ko uku suna yi masa rakiya dama da hagu, sai fili mai yalwa, sannan a maimaita, a kuma tara adon a bakuna biyu a bar tsakiya ta sha iska. Ɗaurin da ya fi kama da bugun masaƙa shi ne gajeren ɗauri ɗaya, sarƙa ɗaya, a tsallake ɗaya, a layi na gaba a zuba gajeren ɗaurin cikin ramin sarƙar. Yana fitowa shafal, ba ya cika kauri, ƙofofinsa ƙanana. Da zare matsakaici, kwarashi mai lamba 4 ko 4.5 ya isa, in hannunki mai matsewa ne ki hau 5. Saƙar dogon kwarashi ta Tunisiya ta fi shi kama da yadi a ido, sai dai tana da kauri kuma bakinta yana nannaɗewa. Dabarar da ta fi rage wahala ita ce ki yi layukanki a tsawon abin, ba a faɗinsa ba, kowane layi ki fara da sabon zare ki bar jela tsawon tafin hannu, ki yanke a ƙarshe ki bar wata. Da kin gama, jelolin nan su ne gezarki, ki ƙulla su huɗu-huɗu, babu bakin zare ko ɗaya da za ki ɓoye da allura. Ratsin kuma ya bi tsawo kamar na wadari.

Rini yana zuba a ɓangarorin biyu, kada a ɗora wa masaƙi shi kaɗai. Shuɗin marina yana barin shuni a jiki da farin matashi kafin ya zauna, jan kanti mai araha kuwa yana iya mayar da farin filinki ruwan hoda a wankin farko. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a zaren tun a kasuwa. Ruwan jabel kuma, wanda muka saba zuba wa fararen tawul, ba ya shiri da ratsi ko na wane ne.

In kin yanke shawarar zuwa wurin masaƙi, ki san sun yi ƙaranci, yawancinsu dattawa ne, kuma da damina gona ce a gabansu, aikin saƙa sai rani. A Marwa, masu sayar da kayan hannu a cibiyar sana'o'in gargajiya da ke gefen babbar kasuwa sun san inda ake samunsu, a wajen Garwa kuma kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi wuri ne na tambaya. Ki tafi da zanen ratsin a takarda ko guntun ƙyallen da kike so a kwaikwaya, ki ce, "Baba, zaren nan auduga ne zalla ko da gauraye?" domin da yawa yanzu suna sa na roba don launi. Ku yi magana a kan faɗin ƙwarya da yawanta, da wanda zai haɗa, shi ko tela. Ratsin da ya bi tsawon ƙwarya ba ya ba da wahala. Wanda ya gicciye ta sai an auna da kyau kafin na wannan ƙwarya ya haɗu da na waccan, kuma a nan ake gane gwani. Ki sa a ƙara miki kamar tafin hannu a tsawo, don auduga tana tsukewa idan ta sha ruwan farko.

Akwai kuma hanyar da ba sai kin zaɓi ɗaya kin bar ɗaya ba, ita nake bi idan aka ce lallai babban bargo ake so kuma a ga hannuna a jiki. Ki sayi ƙwaryar saƙa a wurin masaƙi ba a haɗa ba, ki yanka daidai tsawon gado, ki kalmashe bakunan, sannan ki haɗa ƙwarya da ƙwarya da kwarashi siriri, layi biyu ko uku na shuɗi a kowace gaɓa, ki zagaye bakin duka. Gaɓar ɗinkin da ke fara farkewa a tsohon gwado ta zama ita ce ratsin, nauyin bai ƙaru da yawa ba, aikin kuma na 'yan makonni ne. Sai dai ki wanke ƙwaryar ta bushe tukuna, ki kuma gwada wanke ɗan saƙin zaren da za ki haɗa da shi, domin ba tsukewa ɗaya suke yi ba, in ɗaya ya ja ɗaya bai ja ba gaɓar tattarewa take. Kwarashin ƙarfe mai lamba 2 ko 2.5 yana huda bakin ƙwaryar da kansa idan bugun bai cika tsauri ba, in ya yi tsauri ki fara bin bakin da allura da zare ki yi masa matakai, kwarashin ya bi ta cikinsu.